Maɓallin da Ya Cinye

Robar makullin motarmu ta cinye har ta huje. Inda maɓallin buɗewa yake a da, rami ne ya rage, sai Dogo ya cusa farce ya yi ta lallashi kafin ƙofa ta amsa. Dogo mijina ne. Ni na sa masa sunan, shi kuma Tela yake ce min ko a gaban baƙi.

"Kawo in gyara," na ce masa da hantsin ranar hutunsa, yana kwance a kujera daga shi sai singileti.

"Tela, wannan ba zip ɗin siket ba ne."

"Na ga yadda ake yi a waya. Roba ce da gam. Ko ka fi son ka kai kamfani su yanka ka ba bismilla?"

Ya yi dariya ya jefo min. Na share teburin keken ɗinkina, na sa bakin almakashi na ɓare makullin gida biyu. Ƙarfen da ake cusawa a ƙofa ya fita daban. Ga ɗan koren allo kamar biskit, ga batiri kamar kwabo. Baƙin ɗigon da ke bayan robar, wanda ke taɓa allon idan an danna, shi ne ya goge. Na yanko sabuwar roba daga tsohuwar safar hannu, na yanko ɗan azurfan bayan ƙwayar magani don ya maye gurbin ɗigon. Sai na nemi gam na rasa.

"Yana cikin mota, a akwatin gaba," na ce. "Taimaka mana, ranka ya daɗe."

"Yau ni ne yaron shago ke nan."

Ya sumbaci ƙeyata, ya ɗauki ƙarfen tsirara, ya zura silifas ya sauka daga bene. Ba mu daɗe da tarewa a layin ba, ko kwalaye ba mu gama kwancewa ba. Da asuba yake fita aiki, bayan magariba yake dawowa, babu wanda ya san fuskarsa. Kuma da ni da shi babu wanda ya san cewa motar da aka kulle da rimot, idan aka buɗe ta da ƙarfe, ihu take yi.

Ihun ya tsaga layin. Na leƙa taga ina dariya, na hango shi a tsallaken titi yana murɗa ƙarfen a ƙofa, yana waige-waige kamar mai neman wanda zai ba haƙuri. Mai wankin mota ne ya fara nuna shi.

"Ɓarawo!"

Dariyata ta maƙale. Mai walda ya fito daga rumfarsa da guntun bututu a hannu. Dogo ya ɗaga hannuwa sama, guntun ƙarfen da ya karye yana ƙyalli a yatsunsa, na ga bakinsa yana motsi, amma motar ta cinye maganar. Bututun ya sauka a kafaɗarsa. Ya durƙusa.

Na ƙwalla kira daga tagar cewa mijina ne. Ko kai ɗaya bai ɗago ba. Mutane suna ta ɓullowa daga shaguna, wani da katako, wani da bel, wani dutse kawai ya tsinta a hanya. Idan na sauka hannu rabbana, cewa za su yi bakinmu ɗaya. Motar ce kaɗai za su yarda da shaidarta.

Na juya kan tebur, gwiwar hannuna ta ture batirin, ya gangara ƙarƙashin keke. Na kwanta rub da ciki ina lalube cikin zare da ƙyallaye, allura ta shige min tafin hannu, ban cire ta ba sai da na kamo shi. Na cusa shi a mazauninsa. Babu gam. Na lashi ɗan yatsana, na manna azurfan a kai, na danna shi a kan allon ina nuna taga. Ɗan jan haske ya ƙifta a hannuna. Motar ta ci gaba da ihu, nisan ya yi yawa.

Ban san yadda na sauka benen ba. Ƙafata babu takalmi, ɗankwalina ya tsaya a hanya.

Sun kewaye shi. Ta tsakanin ƙafafu na hango singiletin ta zama ja. Ya dunƙule, ya rufe kansa da dogayen hannuwan nan da yake ɗauko min kaya daga saman kabad. Wani mutum mai tsabtatacciyar riga, da alama wucewa kawai yake, ya tsaya ya tattare wandonsa ya shure shi a baki, sannan ya duba takalminsa.

"Ku kawo taya," in ji wani.

"Akwai fetur a janareta na," in ji mai shagon kusurwa, wanda na sayi sabulu a wajensa jiya ya ce min sannu da zuwa.

Na kutsa. Gwiwar hannun wani ta fasa min leɓe. Mahaucin layin ya fizge ni baya.

"Baiwar Allah, koma gida, ba wajen mata ba ne."

Na cije hannunsa har na ji gishiri. Ya sake ni. Na faɗi a gwiwa kusa da tayar gaba, na ɗaga koren allon sama. Azurfan ya goce daga yatsana, jini ya manna shi a gefen farce. Na tura shi da haƙori, na danna.

Motar ta yi shiru. Fitilunta suka ƙifta, ƙofofi suka yi ƙas.

Bututun mai walda yana sama, ya tsaya a can. Na sake dannawa, ta kulle. Na sake, ta buɗe. Na yi ta yi ina kallon idanunsu ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya gangaro da taya ya sake ta, ta tafi ita kaɗai ta faɗa kwata.

"Motarsa ce," na ce. Muryata ba ta fita sosai ba, amma yanzu ana ji. "Mijina ne."

"To ai sai ya yi bayani," in ji mai shago, yana ɓoye galan a bayansa.

Kafin in rarrafa in isa wajen Dogo, rabinsu sun tuna suna da aiki. Na ɗago kansa. Ido ɗaya ya rufe ruf, haƙoransa na gaba babu, numfashinsa yana fita da kumfa. Ƙarfen makullin ya karye a cikin ƙofa, motarmu ba za ta tashi ba.

Mahauci ne ya kawo tasa motar, ta ɗaukar nama. Shi da mai walda suka ɗaga shi, a hankali, kamar ƙwai. Na zauna a baya, kansa a cinyata, na sa wuyan hannuna daidai hancinsa.

"'Yar uwa, wallahi da mun sani…" mahauci ya fara, yana kallona ta madubi.

"Kalli hanya."

Ya kalli hanya. Iska mai ɗumi ta taɓa hannuna, ta ɗauke. Na jira. Ta dawo.