Ƙofar Masu Kaya

Otal ɗin da Ja'afaru yake aiki a unguwar Misfala ta Makka ƙofa biyu gare shi. Akwai ta gaba, ta gilashi, mai buɗe kanta in alhaji ya doso. Akwai kuma ta baya, a lungun da motocin kaya ke tsayawa, ita sai ka sa kafaɗa ka tura. Ta bayan nan Kawu Dauda, ƙanen mahaifiyarsa, ya shigo da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya danƙa masa riga mai ruwan toka. A ranar ya tambaya, "Kawu, shekara nawa ake yi a ƙasa kafin a hau sama?" Kawu ya ce, "Biyu, in ka kama bakinka ka yi aikinka." Shi Kawun a ƙasan ya tsufa, ciwon baya ya mai da shi gida.

Ja'afaru ɗan ƙasa ne. Kakansa ne ya baro ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan kafin ya ƙetare teku. Shi kuwa a unguwar Mansur aka haife shi, katin da ke aljihunsa irin na kowane ɗan Makka ne. Amma duk wanda ya sauka ɗakin ajiyar kaya zai ga abin da kati bai faɗa ba. Su tara ne a wurin, bakwai 'yan Mansur, huɗu daga ciki ma Ja'afaru ne ya kawo su. A sama kuwa, inda ake karɓar baƙi, babu baƙin mutum ko ɗaya. Ba wanda ya rubuta dokar hakan. Da an rubuta ma da sauƙi, da mutum ya san wanda zai yi wa fushi.

Abin haushin, saman ba ta iya kwana ɗaya ba tare da shi ba. Tsohuwa daga Zamfara ta ɓatar da makullinta tana kuka, a kira Ja'afaru. Alhaji daga Maraɗi ya rantse an sauya masa ɗaki, a kira Ja'afaru. Sai ya hau, ya lallasa, ya nuna wa yaran gaba inda suka yi kuskure, a ce masa "Allah ya ba ka lafiya", ya sauko ya ci gaba da jidar akwatuna da jarkokin zamzam.

Bayan hajjin 2016, da gari ya yi sauƙi, suka haɗu da Mazin a matakala. Mazin ɗan Utaibiyya ne, shekararsa uku a wurin karɓar baƙi, kuma Ja'afaru ne ya koya masa yadda ake shawo kan alhajin da ya fusata. Yaro ne mai fara'a, ba shi da mugunta. Yana saukowa da gudu ya kira shi da sunan 'yarsa Jannat, irin na Larabawa, ya ce, "Abu Jannat, ranar Alhamis muna istiraha, akwai ƙwallo akwai shinkafa. Mudir ma yana zuwa. Ka zo mana!"

"In sha Allahu," in ji Ja'afaru.

Istiraha wani gida ne mai fili a bayan gari, inda mutanen sama ke haɗuwa su huta. Ja'afaru ya so zuwa. Har farar rigarsa ya sa Rumasa'u matarsa ta goge. Amma a gidan da ya tashi, gayyatar da aka jefa maka a kan hanya ba gayyata ba ce, gaisuwa ce. Mai so ka zo zai sake faɗa, ya kwatanta maka wurin. Sannan ta yaya zai sa hannu a faranti ɗaya da mudir, manajan otal guda, kamar mai neman wani abu? Ya jira Mazin ya maimaita. Mazin bai maimaita ba, don shi a ganinsa ya gama magana. Alhamis ta zo ta wuce, rigar tana rataye.

Bayan wata biyu mudir, Ustaz Hani, ya tara ma'aikata duka, na sama da na ƙasa. Ya ce otal ya koma hannun sabon kamfani, kuma daga yau an binne wasɗa, wato sanayya, babu ɗan wane babu abokin wane. Ana neman mushrif, wato shugaban masu karɓar baƙi. Duk wanda ya shekara uku yana iya nema. Ba a rubuta suna a takarda, ba a manna hoto, lamba kawai za a ba mutum. Jarrabawar kuma a Jidda za a duba ta, wurin mutanen da ba su taɓa ganin fuskar kowa ba.

Ja'afaru ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Sunan nan na ƙarshe, Hausawi, da ya daɗe yana zargin shi ke shiga ofis kafin shi, yau an ajiye shi a waje. Aka ba shi lamba goma sha huɗu.

"Abu Jannat, wannan karon rabonka ne," in ji Rumasa'u. "Wa ya san otal ɗin nan kamarka?"

Ƙanensa Tijjani ne ya zama malaminsa. Tijjani ya gama difloma a kan kwamfuta, shekara biyu yana aika takardun neman aiki ko tari ba a yi masa ba. Kullum bayan la'asar sai su zauna a falo, hayaniyar masu sayar da tsire da ƙosai na titin Mansur tana shigowa ta taga, Tijjani yana tambaya Ja'afaru yana amsawa. In ya yi kuskure Tijjani ya ce, "Haba Yaya, mushrif guda!" su yi dariya. Wata rana ya ƙara da cewa, "In ka hau, ka tuna da ni. Ni ma ta ƙofar gilashi nake so in shiga."

A ƙasan takardar nema akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta "wasu shaidu, in akwai". Ja'afaru ba shi da wata shaida sai shekarunsa, ya bar gurbin fari.

Jarrabawar ba ta ba shi wuya ba. Abin da aka tambaya shi ne abin da yake yi kullum ba da sunansa ba. Ya fito yana murmushi, har ya tsaya ya saya wa Jannat 'yarsa alawa.

Ranar da sakamako ya fito, wani abokin aikinsa ne ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Tun kafin ya buɗe baki Ja'afaru ya gane. Mazin aka ba.

Bai taɓa hawa ofishin mudir ba tare da an kira shi ba, amma ranar ya hau. Ustaz Hani ya tarbe shi da mutunci, ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya juyo masa da takardar don ya gani da idonsa. Lambobi ne zalla. Lamba goma sha huɗu ta fi kowa a jarrabawa, saba'in da huɗu cikin tamanin. Lamba shida, ta Mazin, sittin da ɗaya. Amma akwai maki ashirin na shaidar kwas ɗin na'urar rajistar baƙi, wanda aka yi kwana biyar a watan jiya. Lamba shida tana da shi, haka duk mutanen sama. Na ƙasa babu ko ɗaya.

"Wane kwas, ya Ustaz? Ni ban ji ba."

"An manna sanarwa kwana uku a ɗakin shayin ma'aikata. Kowa yana da damar zuwa." Mudir ya dafa ƙirji. "Wallahi ya Ja'afar, sai da aka buɗe ambulan na san lambar nan taka ce. Na yi baƙin ciki. Amma nizami nizami ne, ƙa'ida ce, ba mu duba fuskar kowa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo. Ɗakin shayin yana hawa na ɗaya, bayan teburin karɓar baƙi. Ba a hana masu kaya shiga ba. Su dai a ƙasa suke dafa nasu a butar lantarki, tun zamanin Kawu Dauda.

A matakalar nan dai ya sake haɗuwa da Mazin. Yaron ya kasa haɗa ido da shi.

"Mabruk," in ji Ja'afaru. "Amma ka gaya mini, kai a allo ka ga sanarwar kwas?"

"Wa ke karanta allo? A istiraha mudir ya ambata, muna cin abinci. Sai muka buɗe guruf a waya, muka riƙa tuna wa juna." Sai ya ɗago kai ya dube shi. "Abu Jannat, ai na gayyace ka ranar."

"Sau ɗaya. A nan, kana gudu."

Mazin ya buɗe ido da mamaki na gaske. "To sau nawa ake gayyata?"

Ja'afaru ya sauka ya zauna a kan akwatin wani alhaji, zuciyarsa tana tafasa, ya rasa inda zai zuba ta. Mazin bai cuce shi ba, mudir bai yi ƙarya ba, mutanen Jidda sun ba shi makinsa cif. Da ɗan gari akan ci gari, haka ake cewa. To shi a garin aka haife shi, a garin aka haifi ubansa. Ashe a cikin garin ma akwai wani garin, mai faranti ɗaya, kuma sau ɗaya ake kiran mutum. Kunyar da aka tarbiyyantar da shi da ita, wadda yake alfahari da ita, ranar ya ji haushinta har cikin ransa.

Da ya gaya wa Rumasa'u sai ta ɗauke farar rigar daga inda take rataye ta ninke ta sa a ƙasan durowa.

Bayan mako guda Ustaz Hani ya sauko ƙasa da kansa, abin da bai saba ba. Ka gan shi ka san mutum ne mai son ya wanke laifin da bai san sunansa ba. Ya ce ɗaya daga masu kaya zai bar aiki, kuma wannan gurbin ba ya buƙatar jarrabawa. "Ka kawo mana wani daga mutanenka. Duk wanda ka kawo ba ya ba mu matsala."

Kwana biyu Ja'afaru ya riƙe maganar a cikinsa. Ya tuna huɗun da ya kawo, yana ganin alheri yake yi musu, kuma alherin ne, don da shi suke ciyar da iyali. Babu wanda ya hau ko hawa ɗaya a cikinsu. Amma ya san Tijjani ya fara daina fita ko masallacin unguwa don gudun tambayar mutane, kuma mahaifiyarsu kullum addu'arta ɗaya ce. A rana ta uku ya faɗa masa. Tijjani ya ce, "Ya fi zama."

Ranar Lahadi da safe suka sauka daga mota a Misfala. Mahajjata masu umara suna ta wucewa zuwa Harami. Tijjani, da fayil ɗin takardunsa a hammata, ya nufi ƙofar gilashi, har ta fara buɗewa. Ja'afaru ya kamo hannunsa ya ja shi lungu. Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar ƙarfen, suka sauka. Ya ɗauko riga mai ruwan toka ya miƙa masa. Hannun rigar ya yi wa Tijjani gajarta. Ya nemi inda zai ajiye fayil ɗin, a ƙarshe ya ɗora shi a kan kanta, gefen butar shayi.

Yana ɓalla maɓallin wuya ya ɗago kai ya ce, "Yaya, shekara nawa ake yi a nan kafin a hau sama?"

Amsar Kawu Dauda ta zo har bakin Ja'afaru, ya haɗiye ta. Waje wata motar kaya ta danna hon.

"Durƙusa da gwiwa in za ka ɗaga," in ji Ja'afaru. "Kada ka ɗaga da baya. Bayan nan zai daɗe yana yi maka aiki."