Gwanjon Lambun Yaya

Lambun ba na Baffa ba ne, ko da yake duk wanda ya wuce ta bakin hanya shi yake hangowa a ciki. Na yayansa ne. Lokacin da matar Baffa ta yi doguwar jinya ya sayar wa Yaya nasa kason na gado ya kai kuɗin asibiti. Matar ta rasu ba su haihu ba. Yaya ya ce masa, "Ina za ka? Ga ɗaki nan a ƙarshen lambu, ka zauna ka riƙa duba mana itatuwa." A nan Baffa ya yi furfura, tsakanin lemo da gwaiba da rijiyar da suka haƙa su biyu.

Yaya mutum ne mai son harka. Ya jinginar da takardun lambun a banki ya sayi babbar motar jigila, motar kuwa ta fi sanin garejin bakanike fiye da titi. Da ya rasu, masu ta'aziyya ba su gama ɗaukewa ba masu bin bashi suka fara sallama, banki a kan gaba. Aka je kotu, aka yi ta ɗage zama, daga ƙarshe alƙali ya ce a yi gwanjon lambun a sallami kowa.

Ranar da ma'aikacin kotu ya zo a babur ya manna sanarwa a ƙofar kwano, Baffa ya ajiye bokitin ban ruwa ya kira babban ɗan Yaya a waya.

"Baffa, wallahi aiki ya riƙe ni," in ji yaron. "Lauya zai tsaya mana."

"Ba tsayawa nake nema ba. Cewa na yi ko za ka zo ka ga wurin kafin ya fita hannu."

"Ganin me zai ƙara min in ba ciwon kai ba?"

Ƙanwar yaron, wadda take aikin jinya a babban gari, ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe, amma ita ma ba a ba ta hutu ba.

Mutum ɗaya Baffa yake da shi a unguwar, Kafinta, maƙwabcinsa da ya ajiye zarto tun da 'ya'yansa suka samu aiki a ƙasar waje. Kullum da la'asar yakan shigo da rediyonsa, su zauna a benci su yi ta musu a kan ƙwallo da hasashen ruwan sama. Yakan ce lemon Baffa ya ɗauko tsamin fuskar mai shi, Baffa ya ce ai bencin da suke kai ma gurgu ne kamar wanda ya ƙera shi. Bayan an manna sanarwar sai Kafinta ya rage zuwa. Ya ce gwiwa ce ta matsa masa.

A cikin lambun aka yi gwanjon, da hantsi. Mai gwanjo ya ari teburin ɗakin Baffa ya baza takardunsa a kai. Mutane suka shigo suna zagayawa, suna tattaka shukar barkono, wani yana auna faɗin fili da taku. Wani dillali ya tsinki gwaiba ya gatsa, ya dubi Baffa.

"Baba, kai ne mai gadi?"

"Kusan haka," in ji Baffa.

Ya koma jikin rijiya ya tsaya. Aka fara tayi. Dillalin da wani mai gidan mai suka yi ta ja, wannan ya ɗora wancan ya ɗora. Baffa bai damu da wanda zai ci ba, duk baƙi ne. Can sai ya ji wata murya daga baya ta ɗora nata tayin, muryar da ko cikin barci ya ji ta zai gane. Bai waiwaya ba. Dillalin ya janye, mai gidan man ya ƙara sau ɗaya shi ma ya girgiza kai. Mai gwanjo ya buga guduma a tebur.

Da aka watse, Kafinta ya ƙaraso yana ɗingishi, hularsa a hannu.

"Yara ne suka turo kuɗin. Na rasa bakin da zan gaya maka."

"Da ka faɗa min ko cikin wasa ne."

"Na ga gara ni da baƙo. Ka yi zamanka, ba wanda zai ce ka tashi."

"Har yaushe?"

Kafinta ya juya hular. "Suna maganar gini. Amma ba bana ba."

Baffa ya ce Allah ya sa albarka, ya ɗauki teburinsa ya mai da ɗaki.

Ya ci gaba da zama har damina ta wuce. Yana ban ruwa, yana cire ciyawa kamar da, sai dai in zai tsinki lemo ya sha sai ya ji kamar ya kamata ya tambaya tukuna. Kafinta ya dawo da zuwan la'asar, gwiwar ta warke, amma hirar ba ta tashi. Wata rana ya nuna wani reshe ya ce ya kamata a sare shi. Baffa ya ce to.

"Ka yi min musu mana," in ji Kafinta. "Ka san ban san komai a kan itace ba sai bayan an yanka shi."

"Lambunka ne."

Suka saurari rediyon har aka gama labarai. Washegari Baffa ya sare reshen.

Bayan an biya banki da sauran masu bin bashi, abin da ya rage wa magada bai taka kara ya karya ba. 'Yar Yaya ta matsa sai Baffa ya dawo wurinta. Ya ɗaure katifarsa da akwati, ya kai wa Kafinta makulli. Bai same shi a gida ba, ya bar wa matarsa.

Gidan 'yar a bene yake, hawa na uku. Aka ba shi ɗakin da ake ajiye kaya, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Ba ta rage shi da komai ba, mijinta ma mutumin kirki ne. Amma da safe kowa yake fita, su biyu wurin aiki, yara makaranta, ya wuni yana jin ƙarar firji. Ya taɓa sauka ya zauna wurin mai shagon ƙasa, ya ga mutumin ba ya ɗaga kai daga waya, sai ya daina.

Da lemo ya nuna, Kafinta ya biyo mota ya zo da kwando guda. Ya iso ɗakin yana haki, yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Baffa ya yi dariya, ya kawo masa ruwa. Suka tambayi juna jiki da mutanen unguwa, wa ya mutu, wa ya tashi.

"Rijiyar fa?" in ji Baffa.

"Tana nan. An sauke yashi da bulo a gefenta." Kafinta ya kurɓi ruwa. "Itatuwan gaba za su tafi. Na ce a bar na baya."

"Za su bari?"

"Sun ce za su duba."

Kafinta bai daɗe ba, yana tsoron ya rasa motar komawa. Baffa ya raka shi har tasha, ya tsaya sai da motar ta cika ta tashi. Da ya dawo ya tarar ashe ya janyo ƙofa ta kulle, makulli yana ciki. Ya zauna a matakala, ya miƙe ƙafa, yana jiran 'yar ta taso daga aiki.