Ranar da Mage Ta Yi Gumi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don akwai zancen gumina a ciki, ni kuwa ko sunana aka kira da ƙarfi sai in nemi wurin ɓuya.

Shekara biyu ina aiki a gidan burodi, a bakin tanderu. Sauran ma'aikata minti goma suke yi a wurin su gudu suna fifita. Ni kuwa har da rigar sanyi nake tsayawa, shi ya sa suka sa mini suna Mage. Kullum da ni mai gidan burodin yake yi musu gori: "Ku dubi Mage, ko uffan!" Bai san ɗumi nake sha ba.

Yayata ce ta ja ni asibiti, da ta ga gashina yana ƙarewa a mataji, fuskata ta tashi kamar ƙullun da aka manta da shi, ga barci ko a tsaye. Aka ɗebi jini. Likita ta taɓa wuyana ta ce akwai wani ɗan abu a nan, tayirod, shi ke hura wutar jiki, nawa kuwa ya yi lalaci.

"Ashe ba ke ce malalaciyar ba, wuyanki ne," in ji Yaya. "Duk dai gidanku ɗaya."

Aka ba ni ƙwaya, ɗaya kowace safiya kafin in ci komai. Bayan wata biyu barcin ya ragu, kumburin ya saɓe. Ran nan ina ciro farantin burodi sai na ji wani abu yana gangarowa a bayana. Na zaci kyankyaso ne. Ashe gumi ne. Wayyo, dama haka mutane suke ji a wurin nan?

Na tuɓe rigar sanyin. Mai kwaɓa fulawa ya ɗaga murya: "Jama'a, Mage ta dahu!"

Mai gidan bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ni da kowa a tanderu sai ke. Maganin nan naki, ba a ɗan rage shi?"

Na sunkuyar da kai na ce to, don ita kaɗai na iya faɗa a gabansa. Har na isa gida ina tunanin in daina sha, in koma sanyina da barcina, a ci gaba da yabona.

Washegari na haɗiye ƙwayata da ruwa, na riga kowa zuwa, na zauna a teburin sa burodi a leda, kusa da taga. Da mai gidan ya shigo ya nuna mini tanderu, ƙasa-ƙasa na ce, "Yallaɓai, a riƙa yin karɓa-karɓa a tanderun."

Bai ji ba. Sai da na sake faɗa.