Ƙafa Dubu Daga Lilo

In ka hango Renita Oglesby a titi tana tura keken awon nan nata mai taya ɗaya, sai ka rantse kwalta za ta zuba. Ina! Jami'ar ɗaurin talala ce. Masu laifin fyaɗe da dangoginsa har arba'in da uku ke wuyanta, kuma kowanne sai makwancinsa ya yi nisan ƙafa dubu daga makaranta ko filin wasan yara. A garin da duk kwanar da ka sha sai ka ci karo da ɗayansu. Je ka gwada.

Wendell Tuck ne ya fi hana ta sakat. Shekara takwas ya yi a gidan yari, kan abin da ya yi wa abokiyar aikinsa a shagon wankin kaya. Tausayinsa? Kar ma ka fara. Na matar da ya cuta take ji. Corliss sunanta, kuma duk Juma'a sai ta bugo, ba gaisuwa ba komai: "Yana ina?" Renita ta dubi kwamfuta, ta ga koren ɗigon da munduwar sa ido da aka ɗaura masa a ƙafa ke aikowa, ta ce, "Yana nesa da ke, ina ganinsa." Sannan Corliss ta iya fita cefane.

To, kwana casa'in ɗin da ake ba su a masaukin gwamnati bayan fitowa daga gidan yari ya zo ƙarshe. Ɗaki goma sha tara Renita ta auna, duk suka faɗi. Na ashirin, a bayan gidan wata tsohuwa Odessa, ya ba da ƙafa dubu da sittin. Ga tashar bas ɗin da zai kai shi zaman gyaran hali na ranar Talata.

"Na karanta takardarsa, 'yar nan," in ji tsohuwar, tana miƙo mata shayi mai ƙanƙara. "Ni ba jika, karena kuma ba ya wasa. Soket biyu ne a ɗakin, ya yi ta cajin ƙafarsa."

Renita ta raba wa maƙwabta takarda mai hotonsa, yadda doka ta ce. Ta yi aikinta tsaf, baiwar Allah.

Ranar tarewa, tana shawo kwana da Wendell da jakunkunansa biyu, sai ga shi. Ɗan tsukin da ake jera garewanin shara, wanda ko mota ba za ta juya a ciki ba, an share shi. Lilo ɗaya, benci ɗaya, ga allon ƙaramar hukuma fentinsa ko bushewa bai yi ba: filin wasan yara. Shugaban unguwa, Mista Haskell, yana gefe yana gasa nama.

"Madam jami'a! Kin zo da keken naki? Sauko da shi mana, auna mu sha kallo."

"Mista Haskell, yara nawa ne a layin nan?"

"Autanmu shekararsa hamsin da biyu, gwiwa ma ke damunsa. Amma fili doka ta ce, ba ta ce a ƙirga yara ba."

Ta auna, don ba a rubuta rahoto da ka. Ɗari uku da goma.

"Kun san inda zai tafi yanzu?"

"Ba nan ba dai."

"Ƙarƙashin gada. Can ba soket, ba bas. A nan ina ganinsa dare da rana, can kuwa..."

"Ni 'yata na zuwa hutu nan, Madam. In ke ce fa?" Ya juya namansa. "A sa miki yaji?"

Ta ɗauki kekenta ta koma mota.

A mota Wendell ya ce, "Madam, ki mayar da ni ciki kawai."

"Da wane laifi? Rashin ɗaki ba laifi ba ne, Mista Tuck. Tukuna."

Ta sauke shi a gadar, inda mutanenta goma sha ɗaya suka riga shi kafa tanti. Wurin adireshi ta rubuta: ginshiƙi na huɗu.

Sati guda yana laɓewa gidan mai yana caji a bayan firijin lemo, har mai wurin ya gane fuskar ya kore shi. Talata kujerarsa ba kowa a wurin zaman. Alhamis ɗigon ya koma ruwan ɗorawa, alamar cajin munduwar ya kusa ƙarewa. Ta je gadar da kanta, ta tarar da tantin da jaka ɗaya. Na ginshiƙi na biyar ya ce, "Ya tafi neman wuta, Madam. Kowa nan neman wuta yake."

Juma'a da hantsi ɗigon ya ɗauke. Ta cike takardar kama shi, 'yan sanda suka ce za su duba in mota ta samu.

Ƙarfe goma sha ɗaya daidai waya ta yi ƙara.

"Yana ina?"

Renita ta zuba wa taswirar da ke kwamfutarta ido, ba ɗigo ko ɗaya nasa: tituna fes, ga ɗan sabon filin nan har an shafa masa kore.

"Renita? Kina ji na?"

"Ina jin ki, 'yar'uwa. Cefanen nan, ki bar shi yau. Akwai wanda zai zo ya zauna da ke?"