Taya ta Huɗu

A shekarar da aka ce gwamnati za ta kwaso komatsanta daga Legas ta tare a Abuja, wasu mutane suka zo ƙauyenmu da gwangwanin jan fenti. Gida gida suka bi suna zana alama a bango. Da suka gama, babbansu ya tara mu a gindin ɗorawar mai gari, ya ce babbar hanya ce za ta bi ta nan, kuma an riga an gina mana gidaje can bayan duwatsu. Ana gama girbi tifofi za su zo su kwashe mu.

Babana Thaddeus ya ɗaga hannu kamar a coci.

"Oga, tifar nan, kaya za a sa a ciki ko mutane?"

"Duka, Baba. Akwai wuri."

Muka koma gida. Baba ya tsaya a bakin rumfar da motarsa take, ya ce, "Ni ba doya ba ne. Da motata na shigo garin nan, da motata zan fita."

Motar ta wani Fada ce Bafaranshe da Baba ya yi wa direba tun yana saurayi. Ta Nijar Fadan ya shigo da ita, kuma da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba. Ƙarama ce, ruwan toka, rufin tamfol, fitilunta biyu a tsaye kamar idanu. Yaran gari suka sa mata suna Kwaɗo, sunan ya bi ta har Baba ma ya koma kiranta haka. A cikinta ya ɗauko mamana Naomi ranar aurensu, a cikinta kuma ya dawo da gawarta daga asibitin Suleja. Tun daga ranar ba ta sake fita gari ba, amma duk Lahadi in an taso daga coci sai ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana sauraron injin har ya gamsu.

Injin lafiyarsa ƙalau. Ƙafafun ne matsalar. Tayoyin Kwaɗo sirara ne, kaɗan suka fi na babur, kuma noti uku ne ke riƙe kowace. Guda uku suna riƙe iska, ko da yake faci ya yi musu yawa. Ta huɗu, ta baya ta hagu, ta tsage daga gefe har hannu na shiga.

Ni a lokacin kwandasta nake yi a motocin Suleja zuwa Keffi. Kafin nan na taɓa koyon walda, na taɓa leburanci a wurin gine-ginen Garki, babu inda na daɗe. Tun da na bar makaranta a aji biyu Baba bai sake aikena ko sayen ashana ba. Ranar sai ya kwance ƙarfen tayar da kansa, ya goge shi da tsumma, ya miƙo mini.

"James, kai ne ka san hanya. Nemo mata ƙafa."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin ya ambaci yawona ba tare da tsaki ba sai ranar.

Na fara da Masaka, wurin abokina Lukmanu mai faci, wanda rumfarsa take bakin titi kusa da masu gasa masara. Ya juya ƙarfen, ya leƙa ta ramin tsakiya, ya kwashe da dariya.

"Kai James, wannan na keken ɗinki ne ko na injin markaɗe?"

"Na mota ne, ɗan iska. Motar da ta girmi babanka."

"Ai na ga alama. Noti uku! Masu ita tsoron Allah ne ya yi musu yawa ko rowa?"

Duk da tsiyarsa ya rufe rumfa ya bi ni muka zaga masu tayoyin hannu. Babu wanda ya taɓa ganin irinta. A ƙarshe Lukmanu ya ce bakin ƙarfen ɗaya ne da na mota Bitil, ya samo tayarta ya ɗora da ƙyar, yana zufa yana zagin Faransawa. Na kai ta gida a kafaɗa ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe. Muka ɗaura, muka sauke jak. Tayar ta yi kiba, ta matse da ƙarfen da ke riƙe da ita, ko motsi ta ƙi yi. Baba ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Mayar masa. Ka ce na gode."

Daga nan na shiga yawo sosai. Suleja, Gwagwalada, duk wani lungu da ake jibge tsofaffin tayoyi. Wani direba ya ce ya taɓa ganin mota mai idon kwaɗo a Abaji, bayan gidan wani tsohon malamin asibiti. Na je. Motar na nan, kaji na ƙwai a kujerar baya. Na tambayi tayoyin, matar gidan ta nuna mini gugan rijiyarsu, ta nuna takalmin da ke ƙafar jikanta. Na bi motar doya har Kaduna, na wuni a kasuwar Panteka ta tsofaffin kayan mota da ƙarfe a kafaɗa. Wani Bazabarme mai kayan Kwatano ne kaɗai ya gane ta. Ya ce sai Maraɗi, kuma in ya je ba zai dawo ba sai bayan Kirsimeti. Tifofi kuwa kafin Kirsimeti za su zo.

Na dawo na tarar an fara sauke jinkar ɗakuna. Mata na ɗaure tukwane, maza na sussukar dawa ba ji ba gani. Kowane gida kuma ya tura mutum maƙabarta ya share wa nasa. Mu a garinmu ba ma kafa dutse ko siminti a kan kabari. Itace muke shukawa daga wajen kai, kowa da irin wanda mamacin yake so, a kewaye shi da duwatsu ko fasasshen tulu saboda awaki. Da itacen ake gane kowa. Safiyo mai awon hanyar ya yi alkawari hanya ba za ta taɓa maƙabarta ba, ya ce za su zagaye itatuwan da waya.

Kabarin Mama shi ne na ƙarshe daga gefen gabas. Gwaiba Baba ya shuka mata, don ita ce abin da take ci har a gadon asibiti. Na sa fartanya ina janye busasshen ganye daga gindin, sai bakin fartanyar ya daki wani abu mai taushi. Na tone da hannu. Taya ce, siririya, rabinta a cikin ƙasa, zanen jikinta ko gogewa bai yi ba.

Sai a lokacin na tuna. Ranar da aka binne ta Baba bai nemi duwatsu ba. Safayar Kwaɗo ya kwance, sabuwa fil, ya cire ƙarfen, ya kwantar da robar a ƙasa ya dasa gwaibar a tsakiya. Yanzu itacen ya yi kauri, ya rabu biyu daidai gwiwata, rassa sun bazu ko'ina. Tayar ba za ta fita ta sama ba. Ko dai a yanka ta, ko a sare gwaibar.

Na sami Baba yana ɗaure tabarmi. Na ce, "Baba, na share wurin Mama."

"Ka gan ta ke nan."

"Ka san tana can?"

"Ni na sa ta." Ya ja igiya ya ƙulle. "Na ce ko Allah zai sa ka samo wata a Kaduna."

"To mu bar motar mana. Ko mu roƙi masu tifa su ja ta."

"A ja ni da igiya kamar akuya, gari na kallo?"

"To gwaibar fa?"

Ya ɗauki wata tabarmar ya fara naɗewa.

Ana gobe tashi, da hantsi, ya ce in je Masaka in zo da Lukmanu da famfonsa. Da muka iso mun same shi a maƙabarta, sanye da farar rigarsa ta coci, gatari a jingine da ƙafarsa. Lukmanu ya cire hula. Ya tsuguna ya latsa tayar da babban yatsa, ya bi gefenta a hankali.

"Baba, gaskiya robar ta bushe. Ga tsaga nan ƙanana. Za ta iya kai ku, za ta iya ƙi."

"Nisan ba yawa."

"Ni dai na faɗa, Baba. Kada a sare itace a banza."

Baba ya dubi tsaunin da ke gabas, inda katafila biyu suke tsaye tun makon jiya, ƙasa ja a bakinsu. Ya ce, "Waɗancan ba su san Naomi ba. In za a sare, ni zan sare."

Na miƙa hannu zan karɓi gatarin, ya ture ni. Ya durƙusa ya yi wa kabarin magana da Gbagyi, ƙasa ƙasa, irin muryar da yake mata magana da ita in ba ya so mu ji. Sannan ya miƙe ya fara sara. Gwaiba itace ne mai tauri, shi kuma ƙarfinsa ya tafi. Yana sara yana hutawa, rigar ta jiƙe ta manne a bayansa. Da itacen ya kwanta, ɗanyun 'ya'yan suka zube a kan kabarin. Muka zaro tayar ta kan kututturen. Cikinta cike da ƙasa da saiwoyi da gidan tururuwa.

Lukmanu ya wanke ta a rafi, ya sa sabon tub, ya ɗora a ƙarfen. Yana buga famfo muna kallon tsagar gefen tana buɗewa kaɗan kaɗan. Ta riƙe. Ya tofa yawu a bakin bawul, babu kumfa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Baba, don Allah a hankali. Ban da rami."

Washegari tifofi suka iso. Mata suka jero da kaya a kafaɗa yadda matanmu suke ɗauka, ana miƙa tsofaffi sama kamar buhuna. Baba ya fito da Kwaɗo daga rumfa. Yara suka yi ta ihu suna bin ta. Na buɗe ƙofar gaba zan shiga, sai na ga guntun gangar gwaibar a kan kujera, ya naɗe shi da zanen Mama.

"Koma baya," ya ce. "Nan da mai shi."

Mu ne a gaba, tifofi na biye. Muka hau sabuwar kwalta, muka wuce dogayen gine-ginen da ake wa fenti, da masu ɗaura tutoci a jikin fitilun hanya saboda manyan baƙin da ke tafe. Wani ɗan sanda ya ga motar ya riƙe ciki yana dariya, Baba ya ɗaga masa hannu kamar gwamna. Bayansa a miƙe, hannu biyu a kan sitiyari. Rabon da in gan shi haka tun Mama na da rai.

Inda kwalta ta ƙare aka shiga burji, muna hango rufin kwanon sababbin gidajen, tayar ta fashe. Motar ta karkata hagu.

"Baba, tsaya! Ga tifa nan a baya."

Bai ko juyo ba. Ya sa giya ta ɗaya ya ci gaba. Robar ta yi ta dukan jikin motar har ta yage ta fita, ƙarfen ya koma kan tsakuwa yana ƙara mai sa haƙori tsami. Haka muka shiga sabon garin, a karkace, mutane sun fito suna kallo. Ya tsaya a ƙofar gidan da aka rubuta wa lambarmu, ya kashe injin, ya zauna yana numfashi. Ƙarfen ya lanƙwashe, abin da ke riƙe da shi ma ya karye. Kwaɗo ba ta sake motsawa daga wurin ba.

Bayan an yi ruwan farko Baba ya kira ni. Ya ce kututturen gwaiba yakan yi toho in ya sha ruwa, in je in gani, in kewaye shi da duwatsu.

Da ƙyar na gane wurin. Babu gida ko ɗaya, ɗorawar mai gari ma babu. Amma safiyo ya cika alkawari. Itatuwan maƙabarta na nan tsaye a gefen hanya, an zagaye su da waya. Na bi wayar zuwa gabas. Ta tsaya ne daidai mangwaron tsoho Jacob, wanda yake maƙwabtaka da Mama, ta karya kwana daga nan. Inda gwaibar take, babbar kwata ce ta siminti, ruwan sama na gudu a ciki. Na tambayi wani lebura da ke cin rake a bakin kwatar. Ya ce su itatuwa aka ce su bari, kuma duk sun bari.

Na iso gida da la'asar. Baba na zaune a cikin Kwaɗo, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Guntun gwaibar na nan a kujerar gefensa.

"Ya yi toho?"

"Baba, wayar ba ta kai wurinta ba. Kwata suka yi."

Ya dube ni, ya dubi hannuwansa. Ya ɗan gyara zanen da ya zame daga kan itacen.

"Sauran fa? Jacob?"

"Suna nan. Duk suna nan."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce in shiga ciki in ci abinci, tuwon zai huce. Da na kai ƙofar ɗaki na ji ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, ga shi kuwa ranar ba Lahadi ba ce.