Akwatin Inna Hadjara

"Ajiye akwatin nan, Mijinyawa. Ban mutu ba tukuna."

Muryar Inna Hadjara ce daga kan katifa, a shaƙe, amma ba ta rawa. Shigowata ke nan da kwanon kunu, na tarar da Malam Mijinyawa, shugaban 'yan Nijar na layinmu a unguwar Manshiya, nan ƙasar Larabawa, ya sunkuya zai ɗaga akwatin ƙarfen da take zuba kayan aikinta.

"Ba ƙwace na zo yi ba, Hadjara," ya ce. "Wani mai gareji yana so. A sayar, a aika wa danginki Damagaram. Me yaran nan za su yi da shi bayan ranki?"

"Abin da suke yi da shi yanzu."

"Don ana ganinki ake kawo aikin."

"To a zo a gan su su ma." Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta nuna masa ƙofa da haɓa. Ya fita yana girgiza kai.

Shekara tara bango ɗaya ne tsakanina da ita. Mijinta mai naɗin wayar injuna ne: fanka, injin ban ruwa, duk abin da ya ƙone. Da ya rasu aka ce ta koma gida. Ta ce a gida ba a cin tausayi, ta zauna a kan bencinsa. Daga baya ta fara tara 'yan matan layi, waɗanda rashin takardar zama ya hana su shiga lakkol, makarantar boko. Su bakwai ne. Ta sa musu suna Ƙungiya, haka kawai. Wadda hannunta ya faɗa, sai ta ba ta rancen kayan aiki da naɗin wayar jan ƙarfe guda, ta fara karɓar nata aikin.

Ni ban so ɗiyata Chafaatou ta shiga ba. Lokacin wata mata tana kwasar yara zuwa Tarabulus aikatau, har na ɗaure wa Chafaatou kaya. Inna Hadjara ta zo ta tsaya a bakin ƙofata.

"Safiatou, yaran da matar nan ta kwasa bara, wace kika ji muryarta a waya?"

Ta nuna Chafaatou, ta ci gaba:

"Ba ni ita wata shida. In ba ta iya komai ba, ni zan raka ta tasha."

Yau shekara uku ke nan.

Da ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce, kuma an makara. Ta hana a kwantar da ita a ɗaki. Ta sa aka jawo katifarta zaure, inda yaran suke aiki, tana kwance tana bin su da ido.

Ranar Laraba wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Wani Balarabe ne, manomi daga Ghuddwa, da injin rijiyarsa a baya. Kwana huɗu dabinonsa ba su ga ruwa ba. Ya leƙo ya ga halin da take ciki, ya yi mata sannu, ya juya zai tafi.

"Ina za ka kai shi?" ta tambaye shi da Larabci.

"Hajja, kin gaji. Zan nemi wani."

"Ni ko da lafiyata ba zan taɓa shi ba. Chafaatou, tashi."

Ɗiyata ta miƙe, ta gyara ɗankwali. Mutumin ya dube ta sama da ƙasa ya yi 'yar dariya. Ba ta kula shi ba. Ta hau bayan motar, ta kwance murfin, ta sunkuya ta shinshina.

"Ya ƙone," ta ce. "Ka bar shi yana juyi babu ruwa a rijiya. Kuma ba yau ya fara ba."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce da gaske ne, ruwan ya ja baya tun farkon zafi.

"Gobe da la'asar ka dawo," in ji ta.

Su huɗu suka sauke injin. Ranar da washegari suna kansa. An ɗauke kuran, wutar lantarki, tun safe, zafi kamar zai fasa kwanon rufi, ina zaune ina yi wa Inna Hadjara fifita da kwali. Na ga Chafaatou ta waigo tana neman idonta. Tsohuwar ta juya fuska bango.

"Inna, ki duba min wannan."

"A'a."

"Inna, in na yi kuskure fa?"

"Sai ki kwance ki sake. Kar ki ƙara kallona."

Yarinyar ta share ido da gefen hannu ta ci gaba. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Inna, duba ɗaya kawai." Ta kamo hannuna ta matse, a hankali ta ce, "In na duba yau, wa zai duba jibi?"

Alhamis da la'asar kuran ya dawo. Aka haɗa injin a gaban mai shi. Ya tashi, yana gurnani sumul. Inna Hadjara ba ta buɗe ido ba, sauraro kawai take. Can ta ce, "Ya yi."

Sannan ta sa aka kira Malam Mijinyawa da limamin layi.

"Ku shaida. Akwatin nan da bencin nan na Ƙungiya ne. Ba na sayarwa ba ne, ba na gado ba ne."

Malam Mijinyawa ya dubi yaran bakwai da suka jeru a jikin bango, babu wadda ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Na shaida."

Ranar Juma'a da hantsi ta cika, ina riƙe da kanta.

Ni da wata dattijuwa muka yi mata wanka. Da na zo hannunta na dama, na ga baƙin mai a ƙarƙashin faratanta. Na sa sabulu, na sa tsinke a hankali, bai fita ba. Dattijuwar ta miƙo min wani sabulun. Na ce ta bar shi. Na miƙe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, na kwantar da hannun a gefenta, muka jawo farin yadin.