Hannun Riga a Hanyar Moriki

Imrana mai shirya fim ne a Kaura Namoda, idan har ɗan shago mai kwamfuta ɗaya da fanka mai tari ya isa a kira shi kamfani. Saura sati uku a ɗaura masa aure da Karima, 'yar Zurmi, kuma a kan yarinyar nan ba ya ji ba ya gani. Abu ɗaya ne bai taɓa gaya mata ba.

Damina biyu da suka wuce, shi da yayanta Yazid suka taso daga kasuwar Shinkafi a babur ɗaya. Gab da Moriki 'yan bindiga suka buɗe musu wuta daga cikin gero, harsashi ya sami Yazid a cinya. Imrana ya yage hannun rigarsa ya ɗaure masa raunin. Sai ya ji ƙarar baburansu tana matsowa, ya ɗaga nasa ya tsere. Da aka tsinci gawar washegari, cewa ya yi ai tun a Shinkafi suka rabu, Yazid ya tsaya jiran mota. Kowa ya yarda. A zirga-zirgar ta'aziyya ma ya fara ganin Karima.

Abin ya yi ta cin sa a rai, shi kuwa bai iya komai ba sai fim, don haka fim ya yi. Labari ɗaya ya maimaita sau uku a cikin fim ɗin, shi ne jarumin. A na farko ya ɗora abokinsa a babur har asibiti. A na biyu ya ja shi cikin gero suka ɓuya har jami'an tsaro suka iso. A na uku ya tsaya suka mutu tare. Masu tura fim a waya suka baza shi har ƙauyuka, ana ta cewa yaron nan yana da basira. Shi kansa sai da ya ji nauyin ƙirjinsa ya ɗan ragu, kamar wanda ya biya kaffara. Bawan Allah!

Ranar da ya je Zurmi zance, da azahar ya isa, don yanzu ba mai hankalin da la'asar sakaliya za ta same shi a hanya. Gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas. Ya zauna a zauren gidan su Karima. Daga cikin gida yana jin sautin fim ɗinsa a wayar wani, har ya yi murmushi.

Karima ta fito ba kwalliya, ba ta kawo ruwa ba. Ta zauna nesa da shi, hannunta ɗaya cikin hijabi.

"Na kalli fim ɗinka sau huɗu," ta ce. "Komi ka canza shi. Hanya, da magana, da wanda ya mutu. Abu guda ne ba ka canza ba."

"Mi ke nan?"

"Duk ukun, hannun riga ka yage. Na hagu. Ka ɗaure sama da gwiwa, ka ja ƙullin da haƙori."

Wallahi bai taɓa lura ba. Ko a takardar labarin bai rubuta haka ba. Da an kunna kyamara sai hannunsa ya yi abin da ya sani.

Ta fito da hannunta. Ƙyallen shuɗiyar shadda ne, da aikin zare a bakinsa, an wanke shi amma tabon bai fita ba.

"Baba ya kwance wanga a ƙafar Yaya wurin wankan gawa. Ba wanda ya sani sai mu 'yan gida. Shekara biyu Inna ba ta taɓa sallame salla ba sai ta yi wa mai rigar ga addu'a. Cewa take wani bawan Allah ne mai wucewa ya tausaya wa ɗanta." Ta dube shi. "Jiya na duba hotonku na Sallah a wayar Yaya. Ga ka nan da rigar."

Iska ta taso ta bugi ƙyauren zaure. A cikin gida fim ya kai wurin harbi karo na uku.

"Baba ne ke kallo," ta ce. "Sau uku ka ba duniya labari, Imrana. Ni na huɗun nike so, tun bai fito ba."

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe, mai kyau, wadda za ta zauna daram: ya tafi neman taimako ne, ya dawo ya tarar an gama. Ƙila ma ta yarda, don tana son sa, ya sani. Sai ya ga ƙaryar ma wani fim ɗin ne, kuma ya gaji.

"Gudu na yi," ya ce.

Ba ta yi kuka ba. "Shina da rai sadda ka tahi?"

"Yana kiran sunana."

Karima ta ninke ƙyallen a hankali ta ajiye masa a kan tabarma, kusa da gwiwarsa, ta tashi. A cikin gida sautin fim ya ɗauke. Imrana ya ji gyaran murya, sannan takun takalmin tsoho yana nufo zaure.